Zarshad da Man Giyar Motar Surukinsa

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na kwarin Swat, sunansa Zarshad. In kuna neman wanda ya san komai a duniya, to kun same shi. Rediyo ta lalace, ya sani. Saniya ta ƙi cin ciyawa, ya sani. Ilimin nan kaf daga waya ya kwaso shi, yana kwance a gadon igiya yana kurɓar shayi. Ni kaina ana cewa bakina ya fi aikina, amma in Zarshad ya fara zuba, shiru nake yi in ƙaru.

Surukinsa, Haji Momin Gul, yana da wata farar a-kori-kura mai giya otomatik. Yadda yake ji da motar nan, ko 'ya'yan cikinsa ba su samu haka ba. Makullinta a ɗaure yake a mazagin wandonsa, da shi yake kwana.

Ana gobe za a kwashi iyali zuwa biki a Kalam, can saman duwatsu, Haji ya ce motar tana ɗan fizga in za ta canza giya. Gara a kai ta gareji a Mingora a canza mata man giya.

Zarshad ya yi dariya. "Haba Baba! A kan canjin mai? Ina raye? Kwance noti ne, tsohon mai ya zube, a zuba sabo. Ido rufe zan yi shi."

Haji ya daɗe yana kallonsa. "Zarshad, mata da yara zan ɗauka. Ka san hanyar nan."

"Baba, ka sa a ranka an gama."

Da sassafe ya kwashi kwalaben jan sharbat guda huɗu da aka shanye, ya tafi kasuwa. Mai sayar da man awo ya cika masa su da man giya, ja wur, ya toshe. Da ya dawo gidan Haji rana ta yi zafi, sai ya jera su a inuwa, bakin ƙofar kicin, ya tafi neman sifana.

Haji ya buɗe masa bonet, ya maida makullinsa mazagi, ya wuce wurin wanzami a rina masa gemu da lalle.

A tsallaken lungu kuwa Baba Sherin yana zaune a kan dakali. Tsoho ne, shekara talatin ya yi yana gyaran manyan motoci a Karachi, yanzu hannunsa rawa yake yi. Ya ɗaga murya ya ce, "Ɗana, ka shaƙi man kafin ka zuba. Kuma ba a duba sandar awon mai sai inji na aiki ya yi zafi."

Zarshad ya leƙo daga ƙarƙashin mota, hanci a toshe da mura. "Baba Sherin, zamanin motocinku masu hayaƙi ya wuce. Wannan otomatik ce, ba a gyara ta da hanci. Je ka sha maganin hawan jininka, in na gama zan kira ka ka koya."

Tsohon ya gyara zama a dakalinsa, ya zuba masa ido.

Tsohon mai ya zube cikin daro, baƙi ƙirin. Zarshad ya ɗaure noti, ya shiga gida ya rungumo kwalabe huɗu ba tare da ya tsaya dubawa ba. Ya sa mazurari ya fara zubawa. Uku sun wuce sul. Ta huɗu kuwa a hankali take sauka, tana yauƙi.

"Ka gani?" ya ce wa Baba Sherin. "Wannan ta ƙasan ganga ce, mai kauri. Ita ce asalin mai."

Ya jefar da mazurari a ƙasa, ya bar bonet a buɗe, ya shiga wanka yana waƙa. Ko da ya fito cikin farar riga da hula, ya tarar an rufe bonet, Baba Sherin ya koma dakalinsa yana goge yatsu a gefen riga. Bai kawo komai a ransa ba.

Dangi suka fara taruwa. Ana ɗora akwatuna da barguna da ragon gudummawa a bayan mota. Sai Zarshad ya ji matarsa Shandana, 'yar Haji, tana kiransa daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa.

"Baban Gulalai, zo ka ga wani abu."

Ta nuna masa jug na ruwan ƙanƙara. Jan abu yana yawo a sama, ya ƙi haɗuwa da ruwan.

"Sharbat zan haɗa wa baƙi. Kwalbata na ajiye nan bakin ƙofa. Na zuba, na juya, na juya, ya ƙi. Kuma warin gareji yake yi."

Zarshad ya tsoma yatsa ya murza. Santsi. Mai ne.

Huɗu ya sayo. Huɗu ya zuba. Ga ɗaya a hannun matarsa.

Shandana ta dafe ƙirji. "Ina sharbat ɗina?"

Idonsa ne ya tafi wajen motar.

"Innalillahi! Cikin motar Baba?"

"Yi a hankali mana! Kwalba ɗaya ce tak. Wataƙila in ya yi zafi ya narke, ya bi sauran..."

"Wataƙila?" Ta kafe shi da ido. "Ni ba zan fita gaban maza in tona maka asiri ba. Amma ka sani, ni da Gulalai a motar nan za mu zauna. Ka tuna inda hanya ke matsewa, kogi yana ƙasa."

Ya tuna. Wurin da mota ke hawa kamar za ta tsaya da ƙafafun baya, ga dutse a dama, ga rami a hagu, ruwa yana ruri a ƙasa. In giya ta saki a can fa?

Ya fito waje gumi na bin bayansa. Haji ya dawo, gemu ja jawur, yana tsakiyar 'yan'uwansa. Da ya hango shi sai ya ɗaga hannu.

"Ga injiniyanmu nan! Ku gan shi, shi ya hutar da ni zuwa Mingora. Zarshad, an gama ko?"

Ido kusan ashirin suka juyo kansa. Har da na Baba Sherin daga dakali.

Zarshad ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "An... an gama, Baba."

Mata suka fito suka hau. Gulalai, 'yarsa mai shekara biyar, ta leƙo ta taga da sabbin awarwaro tana kaɗa masa hannu. "Baba, zo ka zauna kusa da ni!"

Haji ya shiga ya zauna. Ya fara kwance makulli daga mazagi. Ƙullin ya ƙi, ya sa haƙori. Zarshad yana tsaye yana kallonsa. In ya yi magana, ya gama yawo a ƙauyen nan. In ya yi shiru...

Makulli ya shiga. Haji ya yi bisimilla.

"Baba! Kar ka tayar!"

Ina! Hannun Haji ya riga ya murɗa.

Shiru. Ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

Haji ya leƙo. "Me ka ce? Me ka yi wa motata?"

Zarshad ya cire hula ya riƙe da hannu biyu. "Baba, sharbat na zuba a giya. Kwalba guda. Kuskure ne. Ban san aikin nan ba, a waya kawai na gani. Don Allah a sauke yaran."

Ba wanda ya yi motsi. Ragon ne kawai ya yi kuka.

Baba Sherin ya taso a hankali, ya tsallako lungu. "Haji, kwantar da hankalinka. Ni na cire kan batir. Inji bai juya ba, sharbat na nan kwance a kwanon da ke ƙasan giya, bai zaga ko'ina ba."

Haji ya ce, "Kai kuma ya aka yi ka sani?"

"Ƙudan zuma na gani sun yi layi a kan mazurarinsa. Shekara talatin ina aikin nan, ban taɓa ganin zuma na shan man giya ba. Na sa yatsa na lasa. Wallahi da daɗi, sai dai sukari ya ɗan yi yawa."

Wani ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Haji dai bai yi ba.

Zarshad ya ce, kai a ƙasa, "Baba Sherin, me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Da safe na yi magana aka tura ni shan magani. Sai na ce bari in ga ko bakin da ya iya cika ya iya faɗin gaskiya. Da ka yi shiru, ni zan faɗa. Amma da ba ka ƙara shiga gidan nan a matsayin ɗa ba."

Ranar ba a yi tafiya ba. Zarshad ya koma ƙarƙashin mota da farar rigarsa, Baba Sherin na kan kujera yana ba shi umarni. Aka kwance kwanon ƙasa, ga sharbat nan kwance ƙarƙashin mai. Aka wanke tas, aka kawo sabon mai na gwangwani daga Mingora, aka zuba aka zubar, aka sake zubawa. Sannan aka tada inji ya yi zafi, tsohon ya zaro sanda ya duba, ya kai hanci ya shaƙa, ya gyaɗa kai.

Washegari suka kama hanya. Baba Sherin a gaba kusa da Haji, Zarshad a baya tare da rago.

A wurin walima Haji bai ce masa uffan ba, sai da aka fito da abin sha. Ya ɗauki babban jug na jan sharbat ya miƙa masa a gaban jama'a.

"Ungo, ɗana. Zagaya da shi. Duk Swat ba wanda ya kai ka iya zubawa."

Har yau in ka shigo ƙauyenmu ka tambayi Zarshad, ba wanda zai gane. Ka ce Mai Sharbat.

Darasi: Faɗin "ban sani ba" kafin aiki ya fi sauƙi a kan faɗin "na ɓata" bayan aiki. Amma in ka riga ka ɓata, ka buɗe baki tun kafin kuskurenka ya hau hanya da rayukan mutane, kunya ba ta kisa. Kuma kada ka raina tsohon da ke zaune yana kallonka, wataƙila shi zai tare maka abin da ba ka gani ba. Ku tura wa wannan abokin naku da ya san komai, in kun rasa shi kuma, ku duba madubi.