Ƙofar Garejin Baba Jatau

Ku gyara zama, wannan a gabana aka yi shi a Haɗeja, zamanin da rimaye ba su ƙare a bakin hanya ba. Ko da yake, a lokacin ma sun fara ƙarewa.

Akwai wani makaniki, Baba Jatau. Shekara arba'in yana gyaran mota a garejin gidansa, nan muke taruwa da la'asar, ana shan shayi ana jin rediyo. Bai haihu ba. Da matarsa ta rasu, sai ya kwashe shimfiɗarsa ya koma garejin, ya ce cikin gida ya yi masa faɗi.

Ƙofar garejin ta ƙarfe ce, tana kallon yamma. Da bazara ta kama, in rana ta juyo, ko hannu ba ka iya ɗora mata. Wata rana aka same shi a sume. Likita ya ce in ya sake yin wata bazarar a wannan zafi, ba zai kai damina ba. Aka yi aka yi ya tashi, ya ƙi.

Aka ce a liƙa soson kanti a bayan ƙofar. Tasalla, mai tuwon da ta shekara ashirin tana sayarwa a bakin garejin, ta ce, "Baba, soson nan wuta yake kamawa, ga wari. Kakata audugar rimi take cusawa tsakanin zana biyu, ɗakinta kamar randa." Ba wanda ya tuna da wannan dabara sai ita.

Amma ina rimin? An sare na gari an yi katako. Sallau direba, wanda a hannun Baba ya koyi tuƙi, ya ajiye lodinsa. Kwana shida yana bin ƙauyuka, har ya faɗo daga kan wani tsohon rimi ya goce kafaɗa, ya dawo da buhu tara yana tuƙi da hannu ɗaya.

Da aka ɗaura zanar aka cusa audugar, ƙofa ta yi nauyi, ta saki daga jikin bango. Ilu mai walda ya bar aikin wata makaranta da aka ba shi, aka miƙa wa wani. Ya ƙera sababbin maƙalan da za su riƙe ƙofar, ya yi ta gwaji kwana huɗu a tsakar rana, sai da tsoho ya iya tura ta da yatsa biyu.

Garejin ya yi sanyi. Baba ya ƙara bazara bakwai a cikinsa, hirar la'asar ta dawo.

Da ya ji jiki ya yi nauyi, ya kira liman ya ce, "Malam, garejin nan kyauta ne ga wanda ya cece ni cikin ukun nan. Ba a raba shi, mutum ɗaya za a ba." Liman ya tambaye shi wane ne, Baba ya yi murmushi kawai. Bai sake magana ba har ya cika.

To, ku da kuke zaune, Tasalla, ko Sallau, ko Ilu: wa za ku miƙa wa makullin?