Zabirar Baba Nomau

Ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku. Wannan ba ta sa barci ba ce, ta gardama ce, don haka wanda ya san ba shi da bakin musu ya ja baya ya ba wasu wuri.

A garin Tudun Marke an yi wani dattijo, Baba Nomau, wanda ya shekara talatin yana riƙe da makullin babban siton manoman garin. Duk wanda ya girbe gero ko dawa ya rasa wurin ajiya, can yake kaiwa, a auna, a jibge masa har ranar da zai buƙata. Mutum ne mai amana, sai dai taurin kai, in ya ce a'a ko liman aka ɗauko ba ya sauya magana. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya uku, duk sun zama manya. Babbansu Arzika, magini, wanda Baba Nomau bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "wancan mai ginin". Mai bi masa Kulu, mai ɗinki, tana aure a unguwarsu, ita ke yi wa tsohon wanki. Auta shi ne Zayyanu, wanda ya koyo haɗa na'urori a birni, ya dawo ya buɗe shago a bakin kasuwa.

Baba Nomau yana da wata zabira ta fata da ya karɓa daga hannun ubansa, asalinta ta kakansa ce, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. A cikinta yake ajiye goro da makullin sito, kuma ba ta barin wuyansa sai in zai yi wanka. A gidansu ba a sa ta cikin rabon gado. Uba ne ke miƙa ta da hannunsa ga wanda ya ga ya fi cancanta cikin 'ya'yansa. Tsohon ya daɗe yana juya maganar a ransa, ya kasa yankewa, don dukansu yana son su, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

To, ƙungiyar manoma ta sayi kwamfuta, aka haɗa ta da sikelin awo da doguwar waya. Ɓerayen sito suka ga abinci ya ƙaru. Sau biyar ana sa waya, sau biyar suna cinyewa. Sai Zayyanu ya zauna a shagonsa kwana da kwanaki ya haɗa wasu 'yan na'urori, kowace ba ta fi dabino girma ba. Ya sa ɗaya a sikeli, ɗaya a kwamfuta, suka riƙa magana da juna ba waya. Ba ihu suke yi kamar gidan rediyo ba, raɗa ce gajeruwa mai saurin gaske, wadda ba ta wuce 'yan taku kaɗan. Ɗaya ta yi sallama, ɗayar ta amsa, daga lokacin da amsar ta ɗauka kuma sai su san tazarar da ke tsakaninsu, kuskuren bai wuce tafin hannu ba.

Ta uku Zayyanu ya yi wa ubansa ita, don tsohon ba ya iya riƙe lambobin buɗe kwamfuta. Ya ce, "Baba, ka rataya wannan. Da ka matso kusa, kwamfutar za ta buɗe da kanta."

Baba Nomau ya dubi abin, ya dubi ɗansa. "Ni akuya ce da za a rataya mini ƙararrawa? Ɗauke kayanka."

Zayyanu ya ji zafi, ya kai wa yayarsa ƙara. Kulu ta karɓi na'urar ta ƙulle a bakin zane. Ran Juma'a, tsohon ya shiga wanka, ta ɗauki zabirar, ta farke shafin ciki, ta kwantar da na'urar, ta maida ɗinki da zare irin na da, har ta goga masa toka don kada ya yi sabo. Tun daga ranar, duk sanda Baba Nomau ya doshi kwamfuta sai ta yi haske. Ya riƙa cika baki a majalisa yana cewa, "Ko ƙarfe ya san maigidansa." Kulu kuwa duk bayan wata biyu sai ta farke ɗinkin ta sauya ɗan batirin, ta sake ɗinkewa. Shekara biyu tana wannan aiki, ko mijinta bai sani ba, daga ita sai Zayyanu.

Ana nan, ran wata kasuwa bayan azahar, 'yan dako sun tafi cin abinci, sai ga wata tsohuwa ta zo neman buhunta na irin gero, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Buhun yana can ƙuryar sito, kusa da ƙasa, an ɗora masa wasu sun fi ashirin. Baba Nomau shi ne mutumin da ya shekara talatin yana yi wa 'yan dako faɗa cewa buhu daga sama ake ɗaukarsa. Amma ya ji nauyin ya bar tsohuwa tsaye a rana, kuma zuciyarsa ta raya masa cewa har yanzu da sauran ƙarfinsa. Ya ce ta jira a bakin ƙofa, ya shiga, ya kama kunnen buhun ya finciko.

Jerin ya yi wani nishi, ya karkata, ya bugi na kusa da shi, shi ma ya bugi na gaba. Kafin ka ce kwabo rabin siton ya zama tudu guda, ƙura ta turnuƙe. Baba Nomau ya tsinci kansa kwance a wani ɗan rami, katakon da ake jera buhuna a kai ya tokare bisa ƙirjinsa, ƙafarsa ta hagu a danne. Ya yi kira, geron ya shanye muryar. Can sai ya ji katakon yana ƙara sauka a kansa, ya gane mutane ne suka hau tudun suna nemansa, kuma takunsu ne zai ƙarasa shi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya lalubi zabirar ya damƙe, ya yi alkawari tsakaninsa da Allah: in ya fita da rai, wanda ya yi sanadi shi zai ba ita, a ranar, ba sai gobe ba.

Abin da ya faru a waje, daga baya aka ba shi labari. Tsohuwar ta yi kururuwa, kasuwa ta watse ta yo sito, amma tsohuwar ba ta san ta wane lungu ya bi ba. Kowa yana jan buhun da hannunsa ya kai. Arzika ya iso da laka a ƙafafunsa, ya daka tsawa kowa ya sauko, don ya san abin da nauyi ke yi wa abin da ke ƙasa. Aka sauko, aka tsaya cirko-cirko. Tsawon tudun ya kai taku arba'in, in aka ce a kwashe shi duka sai magariba, numfashin tsoho kuwa ba zai kai la'asar ba.

Kulu ta kutso cikin maza, mayafi a hannu, ta kama Zayyanu. "Abin nan yana wuyansa. Juma'ar da ta wuce na sa masa sabon batiri."

Zayyanu ya ruga ofis ya ɗauko kwamfutar. Nan take ya sauya mata aiki, daga buɗe kanta zuwa faɗin tazara. A bakin ƙofa ba ta ji komai ba, don raɗar ba ta nisa, ga gero ya tare. Ya bi gefen tudun a hankali, yana taku yana tsayawa, har ya kusa ƙurya, sai lamba ta fito: mita shida da rabi. Mutane suka yi kabbara. Amma Zayyanu ya dubi yayansa, idonsa ya kawo ruwa. "Yaya, nisa kawai take faɗa. Ba ta san gabas ko yamma ba."

Arzika ya ce a kawo masa igiya da turaku. Shi da ya tashi yana fitar da da'irar ɗaki da rumbu da turke da igiya, wannan ba baƙon lissafi ba ne a wurinsa. Ya kafa turke inda Zayyanu ya tsaya, ya auna igiya daidai da lambar ya ƙulla. Ya sa ƙanen nasa ya koma wani gefe ya sake aunawa, sannan wani gefen na uku, kowane wuri da turkensa da igiyarsa. Ya shimfiɗa tsani a kan tudun don nauyi ya bazu, ya rarrafa shi kaɗai riƙe da bakin igiyoyin uku, yana ja yana saki, har ya kai inda ƙullin uku suka matso juna. Ya ce, "Nan ne." Ya jera mutane layi, ya riƙa sauke buhunan daga sama hawa-hawa kamar yadda ake rushe tsohuwar katanga, yana tokare gefe da katako, ana miƙawa hannu da hannu.

Baba Nomau ya fara ganin duhu-duhu, yana ta kalmar shahada, sai haske ya faɗo masa a fuska tare da iska. Ya ga fuskar ɗansa na fari, gumi da ƙura sun rufe ta. Bakinsa ya suɓuce, ya ce, "Arzika." Magini da gemunsa ya fashe da kuka, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

Ƙafar ta karye, amma mai ɗori ya ce za ta haɗu. Da la'asar sakaliya, tsohon yana kwance a zaure, ya tambayi yadda aka yi aka san inda yake. 'Ya'yan suka dubi juna. Kulu ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ta karɓi zabirar, ta farke ɗinkin a gabansa, ta zaro 'yar na'urar ta ɗora masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya cije leɓe. "Ashe shekara biyu ina yawo da ƙararrawa. Maida ta inda take, ki ɗinke da kyau."

Da ta gama ɗinkin sai ya tuna alkawarinsa, ya faɗa musu. Ya riƙe zabirar ya dubi Zayyanu. Da bai haɗa na'urar ba, da bai jure wulakancin da aka yi wa aikinsa ba, da bai bi tudun nan yana saurare ba, da ba abin da zai yi magana daga ƙarƙashin gero.

Ya dubi Kulu. Da ta bi maganarsa, da na'urar tana cikin wani gwangwani a shago. Da ta gaji ko sau ɗaya ta bar batirin ya mutu, da Zayyanu ya yi ta sallama ba mai amsawa. Ita ce ta san halin ubanta, ta zagaye taurin kansa ba tare da ta kunyata shi ba.

Ya dubi Arzika. Da bai sauko da mutane ba, da masu ceton ne suka kashe shi. Da ba don igiyarsa ba, da lambar ta tsaya a kan kwamfuta ana kallonta har numfashi ya ƙare.

Ba wanda ya miƙa hannu cikinsu, kowa sai nuna ɗan'uwansa yake yi. Zabira kuwa ɗaya ce, ba ta yankuwa uku, ga rana tana shirin faɗuwa, alkawari kuma na yau ne. A nan na baro Baba Nomau, hannunsa a sama, igiyar zabira tana lilo.

To, ku da kuke zaune lafiya ba buhu a ƙirjinku, ku taya tsohon nan: Zayyanu da ya haɗa, ko Kulu da ta ɗinka, ko Arzika da ya auna ya tono, wuyan wa ya fi cancanta da zabirar?