Kujerar Gaba da Inna Rekiya Ta Bari

Akwai wani direba mai suna Tukur, yana jigilar fasinja tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi da wata tsohuwar mota. Ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ba shi da birki. In dai magana za ta ba mutane dariya, sai ya faɗe ta, ko ta kan wa za ta bi.

Motar tana da cuta guda. Fankar hita, wadda ke hura iska ta share gumin gilashi, yau ta yi, gobe ta ƙi. Da rani babu ruwansa. Amma da damina, in aka rufe tagogi saboda ruwa, gilashi sai ya yi fari fat, direba ba ya ganin gabansa. Tukur yakan kai wa dashbod mari, wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta yi mirsisi. Gyara kuwa, kullum sai gobe.

Cikin fasinjojinsa akwai Inna Rekiya, mutuniyar Tamawa, mai sayar da daddawa. Mijinta ya rasu, da sana'ar nan take riƙe da kanta. Saboda ciwon gwiwa, Tukur da kansa yake ba ta kujerar gaba duk ranar kasuwa. Robar daddawarta kuma yakan cusa ta ƙarƙashin dashbod, wajen ƙafafunta, don buhuna su samu wuri a but ɗin baya.

A hankali ya lura da wani abu. Duk ranar da ta zauna gaba, sai fanka ta ɗauke.

Wata safiya, Inna Rekiya na kujerar gaba, ruwa ya tsinke musu a hanya. Fanka ta mutu, gilashi ya rufe, saura ƙiris su faɗa kwalbati. Mota ta ɗauki salati. Da suka isa tasha, direbobi suka kewaye shi suna tambaya. Maimakon ya ce motarsa ce ba lafiya, sai ya nuna tsohuwar da baki.

"Ku dai bari. In wagga tsohuwa ta sa ƙafa gaba, sai wani abu ya mutu. Halan farar ƙafa gare ta."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "To, ina mijin nata?" Aka ƙara tuntsirewa.

Inna Rekiya ta ji komai. Ta ɗora robarta a ka, ta wuce.

Magana zarar bunu ce. Ba a jima ba, direbobi in sun hango ta bakin titi sai su ƙara wuta. Matan da ke sayen daddawarta suka koma wani wuri, don ba mai son jawo tsiya cikin tukunyar miyarsa. Daga baya ta daina fitowa.

Fanka kuwa ta kama aiki ba fashi, har Tukur yana cewa, "Ba na faɗa maku ba?"

Rannan ya cusa jarkar wani fasinja a wurin da yake sa robar. Fanka ta ɗauke ɗif. Babu Inna Rekiya a motar.

Ya kai motar wurin Badaruddeen mai gyaran wayoyin mota. Badaruddeen ya duba fis, lafiya lau. Ya gwada makunni, shi ma ƙalau. Sai ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja. Ya ɗaga wata waya, fanka ta tashi. Ya danna ta, ta mutu.

"Direba, wa ya ɗaure wayar ga da leda?"

Tukur ne ya ɗaure ta bara, da niyyar zai dawo a gyara.

"Soket ɗin ya saki," in ji Badaruddeen. "Duk abin da ka tura nan sai ya danne shi. Mi kake cusawa wurin?"

Tukur ya tuna robar daddawa, ya tuna hannun da ke cusa ta. Nan da nan aka gama gyara. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai ya yi godiya.

Daga garejin ya wuce Tamawa. Ya sami Inna Rekiya a tsakar gida, ga daddawa a shanye kan tabarma, ba mai saye. Ya durƙusa.

"Inna, na zalunce ki. Ba ke ba ce, wayar fanka ce. Ni na ɗaure ta, ni nake danne ta. Ki yafe mani don Allah."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na yafe, ɗan nan, ba ni kwana da kowa a rai. Amma ba cikin gidan ga ka ɓata ni ba. A tasha ka faɗa, can za ka je ka gyara."

Ya je. Ya tsaya tsakiyar tasha ya ƙaryata kansa da babbar murya. Wasu suka ce Allah ya kyauta, wasu suka ci gaba da lodi. Gaskiyar ba ta da ban dariya, don haka ba wanda ya ɗauke ta ya kai gaba.

Ranar kasuwa Inna Rekiya ta fito. Tukur zai ɗauki robarta ke nan, wani sabon direba da bai san shi ba ya jawo hannunsa.

"Oga, kada ka ɗauki waccan. An ce ta taɓa kashe wa wani direba inji, har mutane suka ji rauni."

"Ni ne direban," in ji Tukur. "Kuma ƙarya na yi."

Ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta dubi kujerar, ta girgiza kai, ta lallaɓa gwiwarta ta shiga baya cikin matsi.

"Bar ni nan, Malam Tukur. In wani abu ya lalace, kada a ce ni ce."

Ruwa ya sauko a hanya. Fanka tana hurawa, gilashi tas har Dutsin-Ma. Tukur ne ya yi ta share ido da hannun riga, ga kujerar gaba ba kowa a kanta.

Darasi: Kafin ka ɗora wa wani laifi, leƙa ka ga abin da hannunka ya ɗaure. Waya a ɗan lokaci ake gyara ta, amma sunan mutum in ka ɓata shi don a yi dariya, ko ka tuba ba lallai ya dawo ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya kama bakinsa yau.