Mai Lambun da Ya Hana Ruwa Fita

Akwai wani mutum, tsohon mai lambu, wanda ya yi shekara talatin yana noman rani. Matarsa ta rasu ta bar masa ɗan ƙullin irin attarugu, wanda babu irinsa a kasuwa. Da damina ta faɗi, ya ce zai shuka shi a fadama don tunawa da ita.

Ya yafa irin duka, ya tsiro. Da lokacin dashe ya yi, sai ya shirya gonarsa yadda ya saba da rani: ya yi fangali mai zurfi, ya kewaye shi da ƙasa don kada ɗigon ruwa ya fita.

Wata gwauruwa mai gona kusa da tasa ta ce masa, "Baba, ƙasar nan ta ƙoshi da ruwa, ga marka tana zuwa. Ka ɗaga kunya, ka buɗe wa ruwa hanya."

Ya ce, "Yarinya, ni za ki koya wa lambu? Tun ba a haife ki ba nake wahalar jan ruwa. Yau Allah ya ba ni kyauta, in sake shi ya tafi?"

Ta roƙe shi tsiro biyar marasa ƙarfi da ya jefar, ya ce ta kwashe. Ta dasa su a kan kunyarta.

Aka kwana huɗu ana ruwa. Wayyo! Fangalin ya zama tafki, saiwa ta ruɓe, ko ɗaya bai tsira ba. Tsohon ya zauna a bakin gona ya yi kuka, gama ji ya yi kamar ya sake binne matarsa.

Da kaka ta yi, gwauruwar ta zo da ƙulli a hannu. Ta ce, "Baba, ga irin Mama."

Ma'anar wannan misali ita ce: ruwan nan albarkar Ubangiji ce, fangalin kuwa zuciyar da ta sha wahala har ta koyi riƙewa. 'Yan'uwa, yawancinmu mun san rani, shi ya sa hannunmu ya ƙi buɗewa ko da Allah ya kawo damina. In aka yi mana faɗa kuma, sai mu duba shekarun mai faɗar. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ku tuna da tsohon nan: duk abin da ya tsare ya ruɓe, biyar ɗin da suka fita daga hannunsa su ne suka dawo masa.