Kurege Shugaban Ƙungiyoyi Uku

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku tare ta.

Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, Giwa shugabar Gamayyar Ƙungiyoyin Manoman Dawa ta sa aka yi shela za a raba ingantaccen iri a ƙananan hukumomi uku: gyaɗa a Tudun Ƙaya, shinkafa a Fadamar Kada, riɗi a Gangaren Kuka. Sai dai ba za a ba manomi hannu da hannu ba. Ƙungiya kawai za a ba, mai takarda da hatimi.

Kurege na kwance a bakin raminsa, cikinsa na ƙugi, shelar ta faɗo masa a kunne. Shi kuwa Kurege tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Ba shi da kunya a gona, ba shi da ita a ido. Ya miƙe zumbur ya daki ƙirji.

"Sai ni Kurege, mai girbi ba shuka! Kowa ya yi noma da ƙarfinsa, ni da bakina zan yi nawa."

Ya tono ɗanyen rogo a gonar wani ya sassaƙa hatimi, ya kwaɓa zuma da toka ya yi tawada, ya dangwala a takardu uku. Kafin la'asar ya kafa ƙungiyoyi uku, kuma kowacce ta zaɓe shi shugaba ba hamayya.

Da gari ya waye ya zura babbar riga, ya cusa wutsiya cikin wando, ya karkata hula, ya nufi Tudun Ƙaya. Ya tarar da layi har bakin rafi. A gaba Ɓauna ce tsaye, wadda ta shekara talatin tana noma har kafaɗunta sun yi kanta, ga Kura mai tsaron ƙofa tana korar ta.

"Ina takardarki?" in ji Kura.

"Ga gonata can, daga nan ma ana hango ta," in ji Ɓauna.

"Gona aka tambaye ki? Matsa gefe!"

Kurege ya ratsa ta tsakanin ƙafafunsu, ya faɗi gaban Giwa. "Ranki ya daɗe, Alhaji Nagyaɗa ke gaisuwa, shugaban Manoman Gyaɗa Zalla, mu ɗari bakwai."

Giwa ta ɗaga takardar da hancinta, ta juya ta sama a ƙasa, ta yaba kyan hatimin. "To, Alhaji, ina sauran ɗari bakwai ɗin?"

"Suna gona, ranki ya daɗe. Ai manomin ƙwarai ba ya barin gona ya zo bin layi."

"Kun ji magana!" in ji Giwa, tana hararar masu layi. Aka ɗora masa buhu goma a amalanke, aka kuma sa Ɓauna ta tura masa.

Da gari ya waye sai ga shi a Fadamar Kada, ya kifa malafa, ya manna gemun masara a haɓa, ya shafe ƙafafu da taɓo. Giwa ta ƙura masa ido.

"Kamar na san fuskar nan."

"Ranki ya daɗe, ai duk wanda wahala ta dafa kamanninsu ɗaya. Malam Nashinkafa ne. Mun ji an ba 'yan Tudun Ƙaya buhu goma, mutanen da ko ruwa ba su da shi. Mu da muke kwana cikin laka, nawa ne namu?"

Don kada a ce ta yi son kai, Giwa ta ba shi goma sha biyar.

A Gangaren Kuka kuwa da gyale ya je, ya rambaɗa kwalli, ya siranta murya, ya ce shi ne Hajiya Tariɗi, uwar mata manoma. Ya yi ta sheshsheƙa yana cewa kullum maza ke cinye rabon mata, har Giwa ta share hawaye da kunnenta, ta ce a ƙara wa 'yar'uwarta buhu biyu.

Haka Kurege ya shige rami ya toshe ƙofa. Safe gyaɗa soyayyiya, rana dafa-duka, yamma kantun riɗi. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace.

"Sai ni!" yake cewa yana gyatsa. "Wasu a ƙasa suke shuka, ni a ciki nake tawa, kuma tawa ba ta jiran ruwa."

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, amma gonakin ƙananan hukumomin nan uku babu abin da ya tsiro sai ciyawa. Ɓauna ta tattaro manoma suka yi cincirindo a ƙofar Giwa, suna tambayar abin da 'ya'yansu za su ci bana. Giwa ta ga abin ya fi ƙarfin lallashi, ta kira babban taro, ta ce shugabannin nan uku su zo su yi bayani a gaban kowa.

Da labari ya iske Kurege, dariya ya yi. "Mutum uku ake nema, laifi kuwa ɗaya ne. Biyu su je, su ɗora wa na ukun."

Da gari ya waye ya ɓoye kayansa a kogon wata kuka bayan rumfar taro, ya fito a Alhaji Nagyaɗa. Manoma na zaune a rana. A inuwa an jera kujerun manya, gaban kowace kujera kwanon tuwo da miyar taushe, man shanu na narkewa a kai. Alhaji ya fara da share kwanonsa tas, sannan ya tashi ya gyara riga.

"Jama'a, abin da ciwo. Irinmu duka Malam Nashinkafa ya karɓe, wai zai kai a gwada ingancinsa. Ashe da haƙori yake gwaji! Ni ba zan zauna inuwa ɗaya da ɓarawo ba." Ya kaɗa riga ya fice a fusace.

Jim kaɗan sai ga Hajiya Tariɗi. Ita ma ta share nata kwanon, ta lashe yatsu, sannan ta fashe da kuka.

"Ni ma haka ya yi mini! Da na ce zan kai ƙara, cewa ya yi Giwa girman jiki ne kawai, ko takarda ba ta iya riƙewa daidai. Ya ce Kura kuwa da ƙashi ɗaya ake sayenta. Ɓauna ma bai bar ta ba, wai jakar kowa ce."

Rumfa ta ɗauki zafi. Giwa ta baza kunnuwa, Kura ta wasa haƙora, Ɓauna ta fara tonon ƙasa da kofato. Hajiya ta ce jiri take ji, ta sulale bayan kuka.

Da a nan Kurege ya tsaya, da ya sha. Amma da ya leƙo daga kogo sai ya hango kwano na uku, na Malam Nashinkafa, a rufe, tururi na fita ta gefen faifai, Kura kuma tana matsawa kusa da shi a hankali. Zuciyarsa ta yi zafi.

"Tuwona Kura za ta ci? Bakin da ya ɗaure Malam shi zai kwance shi. In je in ce Alhaji ne maƙaryaci."

Ya kifa malafa, ya manna gemu, ya shigo da fara'a. "Salamu alai..."

Bai ƙarasa ba Ɓauna ta ɗauke shi da ƙaho. Kafin ya dawo ƙasa Giwa ta tare shi da haure ta maka shi kan kujeru. Manoma suka rufar masa da ƙotar fartanya.

"Ku tsaya, sharri aka yi mini!" yake ihu.

"Shaidu biyu, kuma manyan mutane!" in ji Kura, ta cafke wandonsa.

Wando ya yage, wutsiya ta yi tsalle waje. Gemu ya faɗi, malafa ta gangara, sai ga kwallin Hajiya raɗau a idonsa, ga hular Alhaji ta faɗo daga aljihu.

"Kurege ne!" in ji Ɓauna. "Duka ukun!"

Kafin su farfaɗo daga mamaki ya bi ta ƙarƙashin cikin Giwa, ya bar wa Kura rabin gashin wutsiyarsa a baki, ya faɗa ciyawa yana ɗingishi.

Giwa ta yi gyaran murya, ta ce wannan abu ba zai tafi a banza ba: za a kafa kwamitin bincike, da reshe a kowace ƙaramar hukuma, za su riƙa zama duk mako, da abincin rana. Ɓauna ta tambayi iri, aka ce ta jira rahoto.

Kurege na laɓe a bayan suri, ido ɗaya a kumbure, haƙarƙari na zogi, ya ji komai. Ya tofar da jini, ya yi murmushi.

"Da abincin rana? Ai kuwa kwamiti ba ya tafiya sai da sakatare."

Ya ja ƙafa ya nufi gida, yana dube-duben karan da zai lanƙwasa ya yi tabarau.

Ƙurunƙus kan gafiya. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya jira rahoton kwamiti.