Robar da Ke Ƙarƙashin Matashin Kai

Afiniki ce ta fara gaya mini wannan misali, nas ɗin nan 'yar gidan marigayi Malam Sila, wadda take bi gida gida tana duba marasa lafiya a unguwarmu. A bakin murhuna ta gaya mini shi, wata ranar Talata, ina tuƙa tuwon acca. Shekarar ce maigidana, Baban Dogara, yake kwance da ciwon huhu, numfashi ba ya isarsa sai an ƙara masa da iskar oksijin. Ni ban yi karatu mai nisa ba, 'ya'yana, saboda haka yadda na ji shi haka zan ba ku, ba ƙari.

Akwai wani mutum, maigida, wanda yake da tsohon uba, yana kuwa ƙaunar uban nan ƙwarai. Ana nan sai tsohon ya kamu da ciwon ƙirji. Idan ya tashi daga gado zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya yana haki kamar wanda ya hau dutse. Mutumin ya ɗauke shi ya kai shi wurin likita. Likita ya duba shi, ya ce, "Iskar da yake shaƙa ba ta isarsa. Sai an ƙara masa."

Aka ba su abu biyu. Na farko babbar tukunyar ƙarfe ce, doguwa, sai ƙarti biyu suke iya ɗaga ta, cike take da iska mai kyau. Na biyu kuwa wata siririyar roba ce, ba ta kai kaurin fensir ba, tana da 'yan kawuna biyu da ake sa wa a hanci, a rataya ta ta bayan kunne. Ta cikinta ne iskar take bi daga tukunya zuwa ƙirjin mara lafiya.

Likita ya ɗaga robar ya ce wa mutumin, "Ka kula da wannan. Duk lokacin da aka cire ta, ka goge kawunan da tsumma mai tsabta. Ka riƙa wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka ɗauraye, ka shanya ta a inuwa har ta bushe sarai. In ba a hanci take ba, to, tana cikin jaka mai tsabta. In ka ga ta yi tauri ko ta canza launi, ka yar da ita ka zo ka karɓi sabuwa."

Mutumin ya ce, "To, na ji." Amma idonsa yana kan tukunyar.

Da suka koma gida, ya share mata wuri a kusurwar ɗaki, ya kafa ta da kyau don kada ta faɗi. Ya sa aka ɗinka mata riga ta farin yadi mai ado a baki. Kowace safiya shi da kansa yake goge ta. Ya hana a kawo wuta kusa da ita, ya hana yara su taɓa ta. Duk wanda ya shigo ɗakin, tukunyar yake fara gani, sai ya ce, "Kai, wannan ɗa ya iya riƙon uba."

Shi tsohon kuwa mutum ne mai daraja a gari, bai saba a gan shi cikin rauni ba. Masu gaisuwa ba sa yankewa a gidan. Da ya ji sallama daga ƙofa sai ya ce wa ɗansa, "Cire mini igiyar nan maza. Ni san noma ne da za a same ni da igiya a hanci?"

Sai ɗan ya zare robar da sauri ya cusa ta ƙarƙashin matashin kai. Can kuwa tsohon yake ajiye hankicin da yake tari a ciki, da guntun goro, da duk abin da ba ya so a gani. Wani lokaci robar takan zame ta faɗa bayan gado, inda tsintsiya ba ta kaiwa, inda kyankyasai suke yawo. In baƙi suka tafi, ɗan ya lalubo ta, ya hura ta da baki, ya goga ta a jikin rigarsa, ya mayar wa uban a hanci. Ranar da ya tuna ya wanke ta kuwa, ba ya jira ta bushe. Da ruwanta yake ƙulle ta a leda.

Bayan 'yan makonni zazzaɓi ya rufe tsohon, tari ya ƙaru, numfashin ya koma baya. Aka kira likita. Yana shigowa, mutumin ya ja shi wurin tukunyar, ya ɗage mata riga, ya ce, "Duba, ranka ya daɗe. Ko ƙura babu. Ban taɓa fashin goge ta ba."

Likita ya ce, "Na gani. Ina robar?"

Mutumin ya ɗaga matashin kai ya miƙa masa. Likita ya kai ta bakin taga, ya ɗaga ta cikin haske. Sai ga cikinta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, kawunan sun yi dauɗa, sun ƙandare.

Likita ya ce, "Iskar da take cikin tukunyarka mai tsabta ce. Amma ta nan take bi kafin ta kai ga mahaifinka."

Nan Afiniki ta dasa aya. Na tsayar da muciya na ce, "To, tsohon ya tashi?"

Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Labarin bai ƙare ba tukuna."

A nan na gane da ni take. Domin a ɗakinmu ma akwai tukunya, ni da hannuna na ɗinka mata riga, har da zanen fure a baki. Baban Dogara kuwa shekara ashirin yana shugabancin mawaƙa a majami'armu. Mutumin da muryarsa take cika ɗakin sujada, shi ne zai yarda 'yan zumunta su same shi da roba a hanci? Maganar san noma ma tasa ce, Afiniki ta ji shi da kunnenta ya faɗa. Ni kuma na ga ai rufa masa asiri nake yi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke Afiniki, ni na yi wa uwarki wankan jego da aka haife ki. Yau ke za ki koya mini tsabta? Je ki tambayi duk garin nan wa take share majami'a ranar Asabar."

Ta ce, "Mama, ba wanda ya fi ki tsabta. Shi ya sa na zo miki da misali, ban zo da faɗa ba."

Na ce, "To, kin faɗa, na ji. Zauna ki ci tuwo."

Ba ta ci ba. Ta ajiye mini sabuwar roba a cikin takardarta a kan turmi, ta yi sallama. Na ɗauki sabuwar robar na jefa ta cikin kwalla, na ce ta yanzu ai ba ta huje ba, me zai sa a yar da abu mai aiki? Kun ji wautar tsohuwa. Na ci gaba da abin da na saba. A ji sallama, in zare, in cusa ƙarƙashin matashi, in gyara masa hula, ya zauna yana murmushi yana cewa da sauƙi, alhali leɓensa har ya fara canza launi don rashin iska. Baƙi su fita suna cewa, "Baba ya warware, mun gode Allah."

Mako uku bayan haka zazzaɓi ya kama shi. Ranar Laraba da rana aka kwantar da shi a asibiti. Na dawo gida ɗaukar masa bargo da kofinsa, na ɗaga matashin kai, ga robar nan a naɗe da hankici. Na fita tsakar gida da ita, na ɗaga ta cikin rana kamar yadda likitan misalin ya yi. Abin da na gani a ciki, ba zan ba akuyata ruwa da shi ba. Shi nake sa wa mijina a hanci, da hannun nan nawa, ina ce masa sannu.

Na tambayi likitan asibitin ko robar ce ta jawo. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, huhun dā ma ya gaji, amma irin wannan dauɗa ba ta taimaki kowa ba. Mutumin kirki ne, ya so ya sauƙaƙa mini. An sallamo Baban Dogara bayan kwana goma, amma bai ƙara zama da kansa ba. Kwana goma sha tara ya yi a gida, Ubangiji ya kira shi, ana saura mako ɗaya a yi godiyar kaka. Na san ranar kowa tana hannun Allah. Amma na kuma san abin da yake hannuna, ban yi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana: iskar nan mai kyau alherin Allah ne. Ba ya ƙarewa, ba ya gurɓata, ba mu ne muka yi shi ba. Tukunyar kuwa ita ce abin da ido yake gani na bangaskiyarmu: ginin majami'a, anko na zumunta, littafin waƙa mai bango, zuwa sujada a kan lokaci. Ba laifi ba ne a kula da su, likita ma bai ce a bar tukunya cikin ƙura ba. Amma tukunya ba ta shiga hancin kowa.

Siririyar robar ita ce zuciyarka. Ta nan ne alherin yake bi ya iso gare ka, ta nan kuma yake bi ya isa ga mutanen gidanka. Ku lura da kyau, robar nan ba a hanci ta ƙazantu ba. Ta ƙazantu ne a lokacin da aka cire ta aka ajiye. Ranar Lahadi kowa zuciyarsa fes take, muna waƙa muna tafi. Daga Litinin zuwa Asabar fa, ina kake ajiye ta? Wani a cikin gulma yake jefa tasa. Wata ta cusa tata ƙarƙashin tsohuwar gaba da 'yar'uwarta, shekara uku ba sa gaisawa. Ranar Lahadi a lalubo ta, a hura, a goga a riga, a shiga sujada, sannan a yi mamaki don me Maganar Allah take shiga amma rai bai sami sauƙi ba.

Akwai kuma kunya. Tsohon bai ɓoye robar don ba ya buƙatarta ba, ya ɓoye ta ne don kada a san yana buƙatarta. Haka muke. A tambaye ka, ka ce lafiya lau, kana shaƙewa. Wanda ya zo gaishe ka, in ya ga roba a hancinka, ai sai ya san irin addu'ar da zai yi maka.

In kuma Allah ya aiko maka wanda zai gaya maka gaskiya, kada ka tsaya lissafin shekarunsa. Ni na tsaya, na kuwa gaya muku abin da ya biyo baya.

Ku da kuke da mara lafiya mai shan oksijin a gida, kada ku ce wannan duk maganar ruhaniya ce. In kun koma, ku ɗaga matashin kai ku duba.

Ranar Larabar nan da na ɗaga robar cikin rana, na jefa ta a shara, na kai bargo asibiti. Washegari da safe na shiga ɗakin, na tuɓe wa tukunyar rigarta. Na sa almakashi na yanka ta, na wanke, na shanya har ta bushe, na ɗinka 'yar jaka mai zare a baki. Na buɗe kwalla na ciro sabuwar robar da Afiniki ta bari, na sa ta ciki. Kafin in wuce asibiti na biya ta gidansu. Na same ta tana shara. Na miƙa mata jakar na ce, "'Yata, duba mini, ko ta yi?"

Ta juya ta, ta ga furen da yake baki, ta gane yadin. Ta ce, "Ta yi, Mama."

Na ce, "To, ajiye tsintsiyar nan ki nuna mini yadda ake wankewa. Daga farko."