Mutumin da Ya Ji Sunansa Ya Yi Shiru

Akwai wani mutum mai injin niƙa a bakin kasuwa, sunansa Habila Dogo. Wata shekara masu haraji suka ɗora masa kuɗin da ya dace da babban kamfani, suka ce in bai biya ba za su garƙame injin. Da injin nan kuwa yake ci da iyalinsa. Sai ya ɗauki lauya ya kai ƙara kotu.

Lauyan baki gare shi kamar zuma. Ya ce, "Baba, ni ne bakinka. Ranar shari'a ka zauna a waje abinka, ko me ka ji kada ka tanka."

Ranar ta zo. Habila ya zauna a barandar kotu tun safe, lauya ko ƙeyarsa. Da rana ta take, mutane suka watse, wurin ya yi tsit. Sai wata murya ta fito daga can cikin dogon lungun ginin.

"Habila Dogo!"

Ya waiga, ba kowa. Tsigar jikinsa ta tashi, gama tun yana yaro aka hore shi cewa in an kira ka da tsakar rana ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa, aljani ne. Muryar ta sake kira, ta kuma. Bawan Allah ya kama bakinsa gam. Can ya ji an rufe wata ƙofa.

Ashe masinjan kotu ne. Da ba wanda ya amsa, alƙali ya kori ƙarar. Aka sa wa injin kwaɗo. Da Habila ya je ofishin lauya kuwa, ya tarar da shi a buɗe, fanka na juyawa, baƙar rigarsa na lilo a jikin ƙusa, mai rigar babu shi babu dalilinsa.

Tun daga ranar muryar ba ta rabu da Habila ba. A gona ya ji ta, a bakin rijiya ya ji ta. Tsoro ya hana shi cin abinci, har ya rame.

Da abin ya ishe shi, ya tafi gaban alƙali da ƙafarsa, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ina nan aka kira ni. Wanda na ba amana ne bai zo ba, ni kuma tsoro ya kama ni."

Alƙali ya dube shi da tausayi. Ya ce, "Laifin lauya ba zai hau kanka ba. Na maido da ƙararka, a cire kwaɗon har a gama shari'a. Amma in an sake kira, ka amsa."

Ma'anar misalin nan ita ce, 'yan'uwa: lauyan shi ne duk abin da muka jingina da shi ya tsaya mana a gaban Allah, ko bangaskiyar iyayenmu, ko sunanmu a majami'a. Ranar da ake bukatarsu ba za su zo ba. Alƙalin shi ne Ubangiji, wanda ke karɓar mai tuba ko da an riga an rufe ƙofa, ya kuma ba mu Yesu Almasihu, mai tsaya mana wanda ba ya fashi. Muryar da ke damun zuciyarka, kana gudunta, ba ta aljani ba ce. Kai ake kira, kuma ba wanda zai ce "Na'am" a madadinka.